Gem ɗin Baffa a Shekarar Sanƙarau

Ran nan cazar wayar ɗana ta yi zafi a jikin soket, ɗakin ya ɗauki warin robar da ta kusa narkewa. Na je in zare ta, sai na tsaya da ita a hannu na daɗe. Warin nan na san shi. Warin ɗakin Baffa ne a ƙauyenmu, can arewa da Kano ta wajen Kunci, a shekarar da aka yi sanƙarau.

Shekarata goma a lokacin, ko da ɗoriya kaɗan. Gidanmu ba shi da yawa. Baba da Inna, sai Yayana namiji da ya ba ni shekara biyu, sai ni, sai Auta wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Tun da aka yaye ta ta koma bayana. Da ita nake zuwa rijiya, da ita nake kai niƙa, da ita nake bin gindin ɗorawa. Ƙauyen namu irin wanda gona take jingine da gona ne. In kun fita daga darnin gidanku kun shiga gonar wani, ku fita ku faɗa ta wani, har ku isa ƙauye na gaba ba ku taka ƙasar da ba ta da mai ita ba.

Shekarun sun yi tsauri, waɗanda suka gani sun sani. Man fetur ya yi wuya, motar da take shigowa ƙauyenmu ran kasuwa ta rage zuwa. Takin zamani ya zama labari, kowa ya koma kwasar na turke da na juji yana kaiwa gona a mangala. Miya ta daina ganin mai. A cikin wannan hali ne masaƙar da Baffa, ƙanen Baba, yake gyaran inji a Kano ta sallami ma'aikata. Ya dawo gida da katifa, da fankar da babu wutar da za ta juya ta, da ƙaramin talabijin baƙi-da-fari, da batirin mota, da wani kwali ɗaure da igiya. Abin da ke cikin kwalin gem ne, wato na'urar wasan da ake haɗawa da talabijin. Don ɗansa ya saye shi, amma da aikin ya ƙare matarsa ta koma gidan iyayenta da yaron, kwalin ya biyo Baffa. Baba ya duba kayan sau ɗaya, ya ce wa ƙanen nasa ba ya son abin da zai tara masa yaran gari a gida. Baffa ya tura kwalin ƙarƙashin gado, ya yi watanni a can.

Da bazara ta kama, cutar ta shigo. Zafin shekarar ya yi yawa, iska ba ta motsi, ko kaji sun buɗe baki suna haki a inuwar rumbu. Aka fara jin gidan wane, sai gidan wance. Wata safiya na goya Auta, na ji jikinta kamar an ɗora min dutsen guga. Ba ta kwantar da kai a bayana yadda ta saba ba, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa. Inna ta karɓe ta. Kafin a samo motar da za ta kai ta asibiti, washegari da hantsi, an gama. Aka naɗe ta a ɗan farin ƙyalle, Baba ya ɗauke ta a hannu biyu kamar mai ɗaukar faranti, maza suka bi shi.

Kwana biyu bayan haka Yaya ya kwanta. Shi an samu mota. Baba ya tafi da shi, suka yi kusan mako uku. Yaya ya dawo da ransa, a rame, kansa ya yi masa girma. Inna ta tare shi a soro tana kiran sunansa, yana kallon bakinta. Ciwon ya tafi da jinsa gaba ɗaya.

Zan so in ce muku na yi kuka, domin haka ake so a ji. Ban yi ba. Mata suna shigowa gaisuwa suna kuka, ina kallonsu kamar masu wani aiki da ban iya ba. Ina cin abin da aka ba ni, ina zuwa inda aka aike ni. Komai ya zama kamar ana yin sa a gidan maƙwabta, ina jiyowa ta katanga.

Yaya kuwa ya daina magana. Harshensa lafiya lau, kawai ya rufe baki. Abokansa sun zo sau biyu ko uku, suka yi ta ɗaga murya suna nuni da hannu, ɗaya ya yi dariya, daga ranar ya daina fita soro. Yakan zauna a bayan rumbu yana zane a ƙasa da tsinke.

Wata rana bayan azahar na ɗauki tulu, Inna ta ce, "Ajiye. Je ki ɗakin Baffanku, ki zauna da yayanki."

"In yi me?"

"Abin da aka ce ki yi."

Na tarar Baffa ya saki tabarma a ƙofa don ɗakin ya yi duhu. Ya ɗora talabijin a kan kujera, batirin yana ƙasa, wayoyi biyu, ja da baƙa, sun fito daga kansa. Gem ɗin wani ɗan akwatin roba ne mai launin toka, da rami a sama inda ake cusa kaset. Hannaye biyu ne da shi, kowane da doguwar waya. Yaya yana riƙe da ɗaya. Baffa ya miƙo min ɗayan.

"Wannan gicciyen tafiya ne," in ji shi. "Wannan harbi. Sauran za ki gane."

Iyakar koyarwar ke nan. Amma dokoki yana da su, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi sanin yadda ake riƙon irin waɗannan kaya ba. Ya ce wutar batirin mota ta yi wa gem ɗin yawa, shi ya sa yake zafi yana wari, don haka ba a wuce daga azahar zuwa la'asar. Ya samo murfin tsohuwar randa, ya jiƙa shi, ya kife, a kansa ake ɗora akwatin don ya sha sanyi ta ƙasa. Ba a cire kaset sai an kashe. In hoto ya rikice ya zama layi-layi, ba a hura kaset da baki. Ya ce yaran birni duk haka suke yi, kuma yawun da ke cikin numfashi shi ke sa haƙoran kaset tsatsa. Gashin kaza yake sawa ya share. Ba a naɗe wayar hannu a jikinsa, daga wuyan take tsinkewa. In an ci tuwo a wanke hannu da toka kafin a taɓa. Duk wannan da baki ya faɗa min, shi kuwa Yaya da hannu Baffa ya nuna masa, a hankali, sau biyu biyu.

Kaset ɗaya ne da mu, mai ruwan ɗorawa. A jikinsa an rubuta cewa wasanni ɗaruruwa ne a ciki. Ƙarya ne. Shida ne, ake ta maimaita su da sunaye daban. Tun daga lokacin ba na yarda da abin da aka rubuta a bayan kwalin gem, kuma ban taɓa yin nadama ba. Akwai na tseren mota, wanda ba komai a cikinsa sai kauce wa na gaba. Akwai na harbin tsuntsaye, amma bindigar robar da ake yin sa da ita ta tafi da ɗan Baffa. Akwai na jera bulo, shi Baffa yake so, yakan yi shi shi kaɗai in mun tashi. Akwai na wani ɗan mutum mai tsalle, wanda na ji daga baya duk duniya ana yabonsa. Ni ban so shi ba. Ɗaya bayan ɗaya ake yin sa, sai na farko ya mutu na biyu ya karɓa. Yaya ya ƙware da wuri, yakan daɗe bai mutu ba, ni kuma ina zaune da hannun gem a cinya ba abin yi. A wannan zaman jiran ne nake jin bayana. Ba ciwo ba. Sanyi-sanyi, da rashin nauyi, kamar na manta wani abu a bakin rijiya.

Na tankokin yaƙi shi ne namu. Ku biyu a lokaci ɗaya, akwai wani ɗan gida a ƙasan allo da aka kewaye da bulo, abokan gaba suna sauka daga sama suna neman fasa shi. Ɗaya ya tsare dama, ɗaya ya tsare hagu. Babu jira, babu lokacin tunani. In za ku saya wa yara gem, ku nemi irin wannan. Wanda ake yi tare ya fi wanda ake karɓa-karɓa, ko da hotonsa bai kai kyau ba. Dabarar kuma ɗaya ce, kada ku biyu ku hau sama neman kisa. Dole wani ya zauna kusa da gida. Ni ce mai zama.

Ba sauti muke yi ba. Tun ranar farko Baffa ya murɗe maganar talabijin ɗin har ƙasa, ya ce sauti yana shan batir. Watakila gaskiya ne. Ba abin da ake ji a ɗakin sai ƙas-ƙas ɗin maɓallai da numfashinmu, da kukan kurciya daga kan rimin bayan gida. Sau ɗaya Yaya ya miƙa hannu ya murɗa sautin har ƙarshe, ƙara ta cika ɗakin har na toshe kunne ɗaya da kafaɗa. Ya ɗora tafinsa a gefen talabijin inda ramukan lasifika suke, ya yi harbi, ya sake yi. Sai ya murɗe, ya koma wurinsa. Bai ƙara ba.

Haka muka yi ta yi, kullum azahar zuwa la'asar. Babban yatsana ya yi kanta. Maɓallin harbi na hannuna ya daina kamawa, Baffa ya kwance shi da bakin wuƙa, ya goga bakin fensir a kan 'yar baƙar robar da ke ciki, ya mayar, ya ci gaba da aiki. In batir ya fara rauni, hoton yakan tsuke daga gefe da gefe, baƙi yana cinye shi, har tankokin su koma kamar ƙwaro. Mukan matsa kusa, mu ƙara matsawa, sai ya ɗauke. Daga nan Baffa zai ɗaure batirin a bayan keke ya kai Kunci wurin mai caji. Wani lokaci ya dawo da shi washegari. Wani lokaci mai cajin ba shi da man janareto, sai a yi kwana huɗu ko biyar. A irin waɗannan kwanaki Yaya yana bayan rumbu, ni ina rijiya, in mun haɗu a tsakar gida ba ma ko kallon juna.

Baba bai taɓa leƙo ɗakin ba. In ya dawo daga kai taki ya ga tabarma a sake, sai ya kau da kai ya wuce wurin buta.

Ranar da abin ya faru, mun kai wani mataki da ba mu taɓa kaiwa ba, mai ruwa a tsakiya. Yaya yana can sama ta dama. Ni kuma ban san inda hankalina ya tafi ba, ina kallon allon amma ba na ganin komai. Sai na ji wata murya a gefena, babba, a karkace, kamar ta wanda ya daɗe a rami.

"Hagu! Ke, tsare hagu!"

A tsakar gida Inna tana tankaɗe. Na ji bugun rariyar ya tsaya. Baffa yana zaune a bakin gado da carbi, shi ma ya tsaya. Yaya bai san ƙarfin muryarsa ba, bai ma san ya yi wani abu ba, idonsa yana kan allo. Na juya tankata, amma na makara, aka fasa mana gidan. Inna ta ɗaga tabarma, haske ya shigo ya wanke hoton. Hannunta fari fat da gari. Ta dubi Yaya, ta daɗe, sannan ta dube ni, ta saki tabarmar.

Ni abin da na ji kawai haushi ne, za mu koma daga farko.

Bayan kwana biyu batir ya yi sanyi. Baffa ya fito da shi zai ɗaure, sai Baba ya taso daga inda yake gyaran ƙotar fartanya.

"Kawo robar ɗaurin," ya ce. "Ina da zuwa Kunci."

Ba shi da wani zuwa Kunci. Shi ya kai, shi ya koma ya ɗauko, a cikin wannan rana.

Daga ranar maganar Yaya ta riƙa dawowa, da farko a ɗakin gem kawai, zagina yake yi in na yi sakaci. Sannan ya fara ce wa Inna ruwa, ya fara ce mata ya ƙoshi. Ya koyi kallon baki. Nawa ya fara ganewa, don ni ba na ɗaga murya in ina yi masa magana, ba ni da ƙarfin yin haka.

Ƙarshen gem ɗin bai zo da wani abin faɗa ba. Batirin ya tsufa, cajin da yake kai mu mako ya koma kwana biyu, ya koma rabin wasa. Sai hadari ya haɗu ta gabas, ruwan farko ya sauka, gari ya tashi da ƙanshin ƙasa. Baba ya saɓa sungumi, ya taɓa kafaɗar Yaya ya nuna masa ƙwaryar iri. Yaya ya ɗauka ya bi shi. Ni ma na bi, ina zuba gero ina rufewa da diddige. Kafin a yi noman farko Baffa ya samu labarin wani aikin gyaran injin niƙa a kudu. Ya haɗa talabijin da gem da fanka ya kai kasuwa, da su ya yi guzuri. Ranar da zai tafi ya dafa kaina, ya ce, "Kin iya tsaron gida." Na ce masa Allah ya kiyaye hanya. Na shiga ɗakin bayan ya tafi, ba komai sai murfin randa a ƙasa. Na mayar wa Inna.

Yau shekaru sun ja. Baba ya rasu, Baffa ya rasu a can kudun, Inna ta bi su shekara uku da suka wuce. Ni ina Kano ina koyarwa a firamare. Yaya yana ƙauye da iyalinsa, yana noma, ya kuma kafa farantan sola a bakin hanya yana yi wa mutane cajin waya. Bara bayan girbi na kai masa ziyara. Muna zaune a rumfarsa, yaransa da nawa sun jeru a kan benci, kowa da waya a hannu, kowa da wasansa, ba mai kallon na wani. Hotunan suna da kyau ƙwarai, mutanen ciki har gumi suke yi. Na taɓa gwiwar Yaya don ya dubi bakina, na ce masa cikin wasa ya tuna bazarar da aka hana ni aikin gida saboda shi, na yi ta zaman jinyarsa a gaban talabijin.

Ya yi dariyarsa mai ƙarfi, har yaran suka ɗago.

"Jinyata? Ni fa gem ɗin nan ciwon kai yake sa ni. Don ke aka kunna shi."

Na ce ban gane ba.

"Kullum sai an je an ɗauko ki a bakin rijiya. Ki ɗaura majanyi a bayanki ba kowa a ciki, ki tsaya kina jijjigawa. Inna ta ji tsoro. Ita ta kama hannuna ta nuna min ke. Baffa ya rubuta min a ƙasa, ka zauna da ƙanwarka."

Wani ya zo karɓar wayarsa, Yaya ya tashi ya duba lambar da ke jiki ya miƙa masa. Da ya dawo ya shiga ba ni labarin farashin wake.

Ban tuna da majanyin ba. Na bincika kaina a motar dawowa, tun daga ƙauye har muka shigo gari, ban samu komai ba. Watakila haka aka yi. Watakila Inna ta faɗa wa kowannenmu cewa ɗayan ne mara lafiya. Waɗanda za su raba mana gardama duk suna ƙasa.

Yanzu iyayen yara a makaranta sukan tambaye ni ko gem yana lalata yaro. Nakan ce su sa lokaci, su hana shi a kan abinci, su duba wanda yake zaune kusa da yaron. Fiye da haka ban sani ba. Ni dai ya riƙe ni wata uku a lokacin da ba abin da yake riƙe ni, kuma ya karɓi wani abu a madadin haka. Wayata cike take da hotunan 'ya'yana, tun daga ranar suna har jiya, wasu ma ban taɓa buɗe su ba. Auta ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, mai hoto bai zo ƙauyenmu a shekarunta biyu ba. In kuka ba ni takarda yanzu zan zana muku matakin nan mai ruwa a tsakiya, bulo bayan bulo, da inda kowace tanka take ɓullowa. Fuskarta kuwa na nema na rasa. A bayana take kullum, ban cika ganinta ba.